Daga Katsina zuwa ƙololuwar Kilimanjaro: abin da muka tarar a kowane ofis da kowane zango

Tun da na dawo daga Tanzaniya mutane suke tare ni, a majalisa, a wurin aiki, har a ƙofar masallaci bayan Magariba, kuma tambayar kusan ɗaya ce: nawa aka kashe, ta ina aka bi, wai da gaske akwai ƙanƙara a Afirka? Na lura duk sa'ad da na ba da labarin da baki sai in tsallake wuraren da muka yi wauta, alhali su ne za su amfani mai niyyar zuwa. Shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru. Mu biyu muka tafi hawan dutsen Kilimanjaro a ƙarshen Janairun 2025, ni da autanmu. Ni mai shekara 43, ga tumbi ya fara leƙowa, na kai ƙololuwa. Shi da yake buga ƙwallo duk yamma, wanda ko a mafarki ba zan kamo shi a tsere ba, bai kai ba. Silar haka wata shawara ce da muka yanke a falona tun wata biyu kafin mu ga dutsen da ido.

Ofishin farko da muka shiga ɗakin Hajiya ne. Ta saurare mu har muka gama, sannan ta ce, "To, ku da ba Makka za ku ba, ba fatauci ba, me kuka ajiye bisa dutsen?" Na ce, "Hajiya, ganin ikon Allah ne kawai." Ta ce ikon Allah ai ga shi nan ko a tsakar gida. Sai da aka yi mako guda, Kawu ya sa baki, sannan ta amince. Ta dube ni ta ce, "Kai ne babba. Yadda ka tafi mini da shi, haka za ka dawo mini da shi." Na ce in sha Allahu, ban ɗauki maganar da nauyin da take da shi ba.

Daga nan sai fasfo. Nawa saura wata huɗu ya ƙare, kuma ba za a ba ka biza ba sai da fasfo mai sauran aƙalla wata shida. Na cike takarda ta intanet a watan Oktoba, na biya naira 50,000 na mai shafi 32 da ke yin shekara biyar. Wanda zai yi yanzu ya sani kuɗin ya ninka tun Satumbar 2025. Ranar da na je ɗaukar hoto da zanen yatsu aka ce mini sunan mahaifina a katin NIN ya bambanta da na tsohon fasfo da harafi ɗaya. Laifina ne, na daɗe da ganin kuskuren na yi ta cewa sai wata rana. Harafin nan ɗaya ya ci mini mako uku na gyara kafin a ma ɗauki hoton. Kafin ka biya ko sisi, ka ajiye katin NIN da tsohon fasfo da takardar haihuwa gefe da gefe, ka karanta su harafi-harafi. Katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda kowa ke kira yalo kad, bai ba mu wahala ba: rajista ta intanet, biya, a buga rasit, sai ofishin lafiya na filin jirgin sama a Kano, aka yi mana allura muka karɓi kati a ranar. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, amma sau ɗaya ake yi a rayuwa. Kada kowa ya ce maka za a iya kauce mata, don shi ne abu na farko da aka nema a hannunmu da muka sauka, tun kafin fasfo.

Biza ce ta fi rikita ni, saboda yawancin bayanan da na karanta ba don irinmu aka rubuta su ba. Suna cewa ka sauka kawai ka biya dala 50 a filin jirgi. Wannan ga Turawa ne. Lokacin da muka nema, Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da sai an tura takardunsu an tantance kafin a amince, kuma shawarar da hukumar ke bayarwa ita ce a nema wata biyu kafin tafiya, kada kuma a yanki tikiti sai amincewa ta fito. To amma takardar tana neman shaidar tikitin dawowa da wasiƙar gayyata. Mafita ita ce wakilin tafiye-tafiye ya kama maka kujera ba tare da biya ba, ya ba ka takardar, wasiƙa kuma kamfanin da zai hau da kai ne zai rubuto, tare da kwafin lasisinsa. Ke nan dole ka zaɓi kamfani kafin ka nemi biza, ba bayanta ba. Kuma ba wai zaɓi ne a gare ka ba, doka ta hana hawan dutsen ba tare da jagora mai lasisi ba. Katin naira a lokacin ba ya biya a ƙasar waje, da katin dala na wani abokina muka biya. Muka tura a ƙarshen Nuwamba, amsa ta zo bayan kusan mako shida. A tsakani ba abin da za ka yi sai duba shafin safe da yamma kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

A nan ne muka yi shawarar da na ambata. Hanyoyin hawa da yawa ne: Marangu, wadda ita kaɗai ke da ɗakunan kwana, sai Machame da Lemosho da Rongai da Umbwe, duk a tanti ake kwana. Muka zaɓi Machame. Kamfanin ya turo farashi biyu, kwana shida dala 1,700 kowane mutum, kwana bakwai ƙarin dala 250. Da farko na ɗauka tsada ce kawai ta 'yan yawon buɗe ido, sai da na bi lissafin. A lokacin hukumar kula da gandun dajin tana karɓar dala 70 a kowace rana daga baƙon da ba ɗan Gabashin Afirka ba, dala 50 a kowane dare na kafa tanti, dala 20 kuɗin ceto, sannan harajin kashi 18 cikin ɗari a kai. A kwana shida wannan kaɗai ya haura dala 800. A sauran ne za a biya jagora da mai dafa abinci da 'yan dako, a sayi abinci, a kawo mota. Saboda haka in ka ga wanda ya ce zai hau da kai a dala 1,000, ka san daga bakin ɗan dako aka cire. Mai kamfanin ya rubuto sau biyu yana ba mu shawarar kwana bakwai. Dala a lokacin ta haura naira 1,500, ƙarin mu biyu ya kusa naira 800,000. Autanmu ya ce, "Yaya, wannan dabarar 'yan kasuwa ce. Mu da muka saba da wahala, kwana ɗaya me zai ƙara mana?" Na ce haka ne. Muka ɗauki shida.

Likitan da ya duba mu ya yi mana tambayar da ban ga kowa ya yi ba a duk abin da na karanta: mene ne rukunin jininku ta fuskar sikila? Ya ce ba mai SS kaɗai ba, ko mai AS da bai taɓa ciwo ba yana iya samun matsalar saifa a wuri mai tsayi saboda ƙarancin iskar oksijin. Mu biyun AA muka fito. A ƙasarmu da masu AS suke da yawa, wannan gwaji bai kamata a tsallake shi ba. Ya auna hawan jini da bugun zuciya, ya rubuta mana Diamox, maganin da ke taimaka wa jiki ya saba da wuri mai tsayi, ya ce mu gwada shi a gida tukuna. Yana sa yawan fitsari da wani zir-zir a yatsu. Muka kuma yi inshorar tafiya, bayan na tabbatar an rubuta cewa ta ƙunshi hawa har mita 6,000, don dala 20 ɗin nan ta ceto gadon ɗaukar marar lafiya mai taya ɗaya take biya, ba jirgi mai saukar ungulu ba.

Atisaye kuwa, Katsina shimfiɗe take kamar faifai, tsayinta daga teku bai wuce mita 500 da 'yan kai ba. Ba inda za ka hau. Bayan sallar Asuba nakan goya jaka mai robobin ruwa in taka daga Ƙofar Ƙaura in yi awa biyu, ranar Asabar awa biyar. Da yamma matakalar bene a wurin aikinmu, sama da ƙasa, har masu gadi suka fara tambaya ko lafiya. Duk zuwanmu Kano sai mun hau Dala mun sauko sau da yawa. A Ƙofar Wambai muka samu takalman hawa na gwanjo masu kyau, kuma sayensu da wuri shi ne abu mafi hankali da muka yi, don sun saba da ƙafa kafin tafiya. Na kuma sayi huffi na fata saboda alwala. Dala a Wapa muka canza, muka dage a ba mu sababbin bugu, don can wurare da yawa ba sa karɓar tsofaffin takardu. Lokacin hunturu ne, ana jaura, muna fita da sassafe muna cewa ai mun san sanyi. Allah Sarki.

Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Adis Ababa, sannan filin jirgin Kilimanjaro da ke tsakanin Arusha da Moshi. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Ledar cefane haramun ce a ƙasar tun 2019, gara ka cire ta daga kayanka tun a gida. A Moshi jagoranmu, ɗan ƙabilar Chagga ta gindin dutsen, mai sanyin magana, ya zo masauki ya ce mu zazzage jakunkuna a kan gado. Ya ɗaga rigunanmu na auduga ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa gefe. Ya ce auduga tana shan gumi ta riƙe, in iska ta buga sai ta zama ƙanƙara a jikinka. Muka yi hayar jakar barci da babbar rigar sanyi da sandunan dogarawa da tocilan ta goshi, kusan dala 120 kowannenmu, kuma hakan ya fi saye. Babbar jaka kada ta wuce kilo 15, ita ɗan dako zai ɗauka, kai kuma ƙaramar da ke da ruwa da rigar ruwa da abin taɓawa. Wani abin dariya: yaron masauki ya ce mota za ta zo "saa mbili", wato ƙarfe biyu. Ashe Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe biyunsu takwas ɗinmu ne na safe. Harshen nasu ma ba ya yi wa Bahaushe baƙunta sosai, asubuhi, sabuni, dunia, Alhamisi, duk ka ji ka gane.

A ƙofar Machame, mita 1,800, muka yi zaman jira na kusan awa biyu. Ana rubuta suna da lambar fasfo a littafi, ana duba takardar izini, ana auna kayan kowane ɗan dako a sikeli, kada ya wuce kilo 20. Robar ruwa ta sha-ka-yar ba ta shiga. Sai a nan na ƙirga tawagarmu: jagora, mataimakinsa, kuku, 'yan dako bakwai. Mutum goma saboda mu biyu. Na ji kunya. Na tuna labarin fatake da madugu da kakanmu yake ba mu, sai dai mu ba goro muke ɗauke da shi ba. Ranar farko kurmi ne mai duhu da danshi, itatuwa sanye da gansakuka, birai masu baƙi da fari suna tsalle a sama. Jagora ya shiga gaba yana tafiya kamar mai rakiyar amarya, yana cewa "pole pole", wato sannu sannu. Autanmu ya kasa jurewa, ya yi ta wuce shi yana jira a gaba, yana ɗaukar hoto. Jagora ya ce masa sau ɗaya, cikin ladabi, dutsen ba ya son mai sauri. Bayan kusan awa shida muka isa zangon farko, wajen mita 3,000, muka sa hannu a littafin masu gadi, abin da ake yi a kowane zango. Da daddare aka maƙala mana wata 'yar na'ura a yatsa da ke auna oksijin da bugun zuciya, aka rubuta.

Game da ibada, tunda an yi ta tambayata: muna ƙasaru, muna haɗa Azahar da La'asar, Magariba da Isha'i. Safe da yamma ana kawo ruwan ɗumi a ƙaramin kwano na wanke fuska, da shi nake alwala in sa huffi. Alƙibla ta ba ni mamaki, mu da muka tashi muna duban gabas, can kusan arewa sak ake fuskanta. Bayin zango na rami ne kuma babu ruwa, ka tafi da ƙaramar butarka. Maganar nama tun a Moshi muka yi ta da kuku, Musulmi suna da yawa a garin, ba a samu matsala ba. Muka ci shinkafa, taliya, miyar ganye, da ugali wanda tuwon masara ne sak. Dabino da ƙuli-ƙulin da muka taho da su sun yi rana, musamman da abinci ya daina shiga.

Rana ta biyu gajeriya ce amma tsaye, daga kurmi aka fita zuwa fili mai gajerun itatuwa, har zangon Shira, wajen mita 3,800. Da yamma gajimare yana ƙarƙashinmu, dutsen Meru ya leƙo daga cikinsa kamar tsibiri. Da safe muka tarar raɓa ta daskare a kan tanti. Rana ta uku aka hau zuwa wani tsiri da ake kira Lava Tower, mita 4,600, aka ci abinci, sannan aka gangara zuwa Barranco, wajen mita 3,900. Na tambayi jagora amfanin hawa mita 800 don a sake sauka. Ya ce dabarar ke nan, a hau sama a kwana ƙasa. Iskar sama ba wai wata iri ce daban ba, nauyinta ne ke raguwa, har a ƙololuwa kowane numfashi yana kawo maka kusan rabin oksijin da za ka samu a bakin teku. Jiki yana iya sabawa, amma da kwanaki yake sabawa, ba da ƙarfi ba, kuma bai san ɗan ƙwallo ba. A Lava Tower na ga autanmu ya ture kwanonsa. Na ce lafiya? Ya ce, "Lafiya lau, Yaya, ba na jin yunwa ne." Daga baya ya gaya mini tun a nan kansa yake sarawa, ya ɓoye don kada a ce ya gaza. Gangaren Barranco kuwa shi ne wuri mafi kyau da na taɓa gani, wasu itatuwa dogaye masu gashi a jiki da tulin ganye a ka, tsaye cikin hazo kamar mutane sun yafa bargo.

Rana ta huɗu ita ce kuɗin da muka ƙi biya. Da sassafe aka kama bangon Barranco, hawa na sama da mita 250 da hannu da ƙafa, akwai inda sai ka rungumi dutse ka ratsa. Ba ya buƙatar igiya, tsoronsa ya fi wuyarsa, kuma 'yan dako suna wuce ka da kaya a ka. Bayan hawa da gangara muka isa Karanga da rana, wajen mita 4,000. Masu kwana bakwai a nan suke yada zango, su huta, jiki ya ƙara dare ɗaya yana sabawa. Muna kallon su suna cire takalma suna shan shayi, mu kuma aka ce mu ci abinci mu tashi. Kwarin Karanga ne ruwa na ƙarshe, daga nan a ka ake ɗaukarsa. Sai kusan ƙarfe biyar muka ja ƙafa zuwa Barafu, mita 4,673, sunan ma ƙanƙara yake nufi. Ba ciyawa, ba tsiro, duwatsu ne da iska da manyan hankaki. Na'urar yatsa ta nuna na autanmu ya yi ƙasa da nawa sosai. Jagora ya tambaye shi ciwon kai ko tashin zuciya, ya ce kaɗan ne. Aka ce mu kwanta, ƙarfe 11 na dare za a tashe mu. Barci bai zo ba.

Sha biyun dare muka fita, riga biyar a jikina, wando uku, safar hannu biyu, waya da batir a cikin ƙirji don sanyi yana kashe su. Daga Barafu zuwa ƙololuwa kilomita biyar ne kacal, amma hawan mita 1,200 ne. Ba ka ganin komai sai dugadugan na gabanka da jerin fitilu can sama, har ka kasa bambance su da taurari. Taku ɗaya, numfashi biyu. Ruwan da ke bututun jakata ya daskare, sai na gora da na nannaɗe da safa. Wajen ƙarfe uku da rabi autanmu ya durƙusa ya yi amai. Ya tashi, ya yi taku kaɗan, sai na ga yana tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu. Jagora ya ja layi a ƙasa da sandarsa ya ce ya taka a kai, dunduniya na taɓa yatsu. Ya kasa. Nan take muryar mutumin nan mai sanyi ta canza. Ya ce wannan alama ce ƙwaƙwalwa ta fara kumburi, maganinta ɗaya ne, sauka, kuma yanzu. Yaron ya fara gardama, na daka masa tsawar da ban taɓa yi masa ba. Na ce mu koma tare. Ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, don Allah kada mu yi asara biyu." Jagora ya ce mataimakinsa da wani ɗan dako za su sauka da shi, suna da waya, in abin ya ƙi zai gaya mini mu juya. Na tsaya ina kallon fitilu uku suna gangarawa, maganar Hajiya tana yi mini amsa-kuwwa. Har yau in na tuna, raina bai gama kwanciya da cewa na ci gaba ba.

Sallar Asuba da taimama na yi ta, a gefen hanya, hannu na karkarwa. Ana idarwa waya ta shigo cewa sun isa Barafu, ya sha shayi, yana magana daidai, za su ƙara sauka. Sai a lokacin na lura gabas ta yi ja, rana tana fitowa ta bayan tsaunin Mawenzi. Wajen bakwai na isa Stella, mita 5,756, bakin ramin tsohon aman wuta. Da yawa nan suke tsayawa. Sauran tafiyar ba tsaye take ba, amma ta ci mini kusan awa ɗaya, ga bangayen ƙanƙara a hagu, farare da shuɗi-shuɗi, tsayinsu ya fi bene. Jagora ya ce yana yaro sun fi haka, kuma gaskiyarsa, fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙanƙarar da aka auna a 1912 ta narke. Ƙarfe takwas saura na taɓa allon Uhuru, mita 5,895, wuri mafi tsayi a Afirka. Sunan 'yanci yake nufi, an raɗa shi bayan Tanganyika, babban ɓangaren Tanzaniya ta yau, ta samu mulkin kai a 1961. Na zaci zan yi ihu. Hamdala kawai na yi, na ɗauki hoto biyu, hawaye na daskarewa a kumatu. Minti goma jagora ya ce mu tafi.

Ba wanda ya gaya mini sauka ta fi hawa cin jiki. Tsakuwa ce mai zamewa har Barafu, awa uku, hutun awa ɗaya, sannan a ci gaba har zangon Mweka, mita 3,100. A yini ɗaya ka sauko kusan mita 2,800. Gwiwoyina suka yi tsami, farcen manyan yatsuna biyu suka yi baƙi, daga baya suka fita. Leɓena ya tsage, hancina ya saɓule, don baƙar fata ma tana ƙonewa a can, man kaɗanyar da maiɗakina ta cusa mini a jaka ne ya cece ni. A Mweka na tarar da autanmu zaune a bakin tanti yana cin gugguru, garau, kamar ba shi ba. Washegari kafin a tashi tawaga ta taru ta yi waƙa, muka ba da tukwici. Ba a cikin kuɗin kamfani yake ba, kuma ba alfarma ba ce, da shi suke rayuwa. Mu biyu mun ba da kusan dala 600, muka faɗi rabon kowa da baki a gaban kowa, kamar yadda ƙungiyar KPAP mai kare haƙƙin 'yan dako take ba da shawara. Na bar wa wanda ya sauko da ƙanena takalmana. A ƙofar Mweka aka sa hannu na ƙarshe, aka ba ni takardar shaida mai ɗauke da suna da rana da lokacin isa. Yaron ya karɓa ya duba, ya miƙo mini, bai ce komai ba.

Da na haɗa lissafi, da tikitin jirgi na kusan dala 900, da biza, da inshora, da haya, da tukwici, da masaukin Moshi, kowannenmu ya kashe wajen dala 3,200, kusan naira miliyan 5 a canjin lokacin. A cikin wannan ne muka ga dala 250 ta yi mana yawa. Ba zan rantse cewa daren Karanga zai kai shi ƙololuwa ba, amma jagoranmu da ya yi shekaru a dutsen bai yi shakka ba. Mai niyya ya ɗauki kwana bakwai ko takwas, in kuɗin bai kai ba ya jira wata shekarar. Ya ware wata huɗu don takardu, a jere: NIN, fasfo, kamfani, biza, sannan tikiti, ya kuma sake duba sharuɗɗan biza da kuɗin gandu a ranar da zai biya. Ya kauce wa Maris zuwa Mayu da kuma Nuwamba, lokacin ruwa ne, Janairu da Fabrairu ko Yuni zuwa Oktoba sun fi. Ya sha ruwa lita uku zuwa huɗu a rana ko ba ya jin ƙishi. Ya tsaya a bayan jagora. Abin da ya fi mana wuya mu Hausawa kuma shi ne "lafiya lau". Mun saba ko muna mutuwa aka gaishe mu mu ce lafiya lau. In jagora ya tambaye ka a mita 4,000, ba gaisuwa yake yi ba. Da yaron nan ya faɗi gaskiya a Lava Tower, da akwai abin yi tun da wuri.

Ranar da muka iso Katsina Hajiya ba ta ko kalli takardar shaidata ba. Autanta ta kama, ta juya shi gaba da baya, ta ce ya rame. Ba mu gaya mata labarin layin da aka ja a ƙasa ba sai bayan Sallah, ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau. Shi kuwa ya shiga adashe a wurin aikinsu tun watan da muka dawo. Jiya ya turo mini farashin hanyar Lemosho, kwana takwas, ya rubuta a ƙasa: "Yaya, wannan karon kai za ka fara yi wa Hajiya magana ko Kawu?"